Shekarar da Man Mma Sanatu Ya Koma Fari

Da an idar da sallar asuba, Mma Sanatu Wumbei takan fito tsakar gida da wuƙa a hannu. Ba ta karyawa sai ta gama aikin farko, don ta ce koko da ƙosai suna kashe harshe. Ƙoren man kaɗe da matan ƙauye suka kawo jiya suna jere a gindin bango. Takan yanka kowanne har ƙasa, domin mai algus ba a sama yake zuba shi ba. Sai ta lakato daga tsakiya, ta murza a bayan hannu, ta shinshina, ta ɗora a harshe. In ta ce "hayaƙi", to a kan murhu aka busar da ƙwarar. In ta ce "ruwa", ba a bar man ya tsane a wuta ba, kafin wata biyu zai yi wari. In ba ta ce komai ba, a shigar da shi ɗaki.

Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan a Kumbungu. A watan nan ta ajiye muciya, ta miƙa wa surukarta Azara, saboda kafaɗa ta ƙi. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Abu uku take haɗawa: man kitso, man faso, da man jarirai. Kakin zuma daga wurin masu amya take sayowa, da saƙarsa, ta narka ta tace da kanta. 'Ya'yan kuka da na darbejiya a gidanta ake matse su. Man kaɗe kuwa daga ƙauyuka huɗu yake zuwa, daga hannun mata huɗu da ta san ɗakin kowacce. Ba ta da sikeli. Tana da ludayi uku da wani murfin kwalba, kuma gwangwanin bana bai taɓa bambanta da na bara ba.

Abin da ya fara tsayar da ni a gidanta shi ne wani kanta da ke bayan ƙofa, cike da tsofaffin gwangwanayen tumatir. Duk man da ya shigo, kafin ta haɗa shi da komai, sai ta gutsiri kamar girman goro ta jefa a gwangwani, ta ɗaura masa zare. Kowane ƙauye da launin zarensa. Yawan ƙulli kuma shi ke nuna ranar kasuwar da aka kawo shi. Sai ya yi wata shida take zubarwa. Na yi shekara tara a Jamus ina karatu da aiki a inda ake haɗa man shafawa. Can ma ana irin wannan ajiya, a ɗaki mai sanyi, da lamba a jikin kowace kwalba. Mma Sanatu ba ta taɓa shiga aji ba. Na tambaye ta wa ya koya mata.

Ta ce, "Bajamushiya, wannan ma sai an koya wa mutum? Mai yana da uwa. In ya yi ɓarna, in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa."

Ɓarnar ta zo shekara shida da suka wuce, bayan ɗaukewar ruwa. Ranar kasuwa ce. Mma Katumi, tsohuwar da ke yi wa jariran unguwarmu wanka, ta tsaya a gaban tiren Mma Sanatu ta dangwarar da gwangwani. Su biyun taubasai ne, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Sanatu, tsufan nan hanci ya fara ci ko harshe?"

"Ke da haƙori uku ya rage wa kike tambayar tsufa? Faɗi abin da ya kawo ki."

"Jarirai huɗu na wanka a makon nan. Uku sun feso da ƙuraje, wuya da hammata da matsematsi. Duka ukun manki na shafa musu. Na huɗun uwarsa marowaciya ce, man gyaɗa take goga masa. Fatarsa sumul kamar ƙwai."

Mma Sanatu ba ta rama ba, kuma masu rumfunan kusa sun ce ba su taɓa ganin haka ba. Ta ja zane ta rufe tiren.

A garin nan uwa ba ta zaɓar man da za a fara shafa wa ɗanta. Mai wanka ce ke zaɓa. In masu wanka suka juya wa mai baya, ya mutu, kuma da shi da sunan mai yin sa ake binnewa. Mma Sanatu ta san haka. Duk da haka ba ta roƙi Katumi ta rufa mata asiri ba. Ta hau babur ɗinta ta bi gida gida, kwana biyu, tana karɓe man jarirai daga hannun duk wanda ya saya. Da bakinta ta riƙa faɗin dalili. Waɗanda ba su ji labarin ƙurajen ba, a wurinta suka ji.

Kowa da abin da ya ce. Wasu suka ce hannu aka sa mata. Ni na zargi kakin zuma, kuma ban yi daidai ba. Ita kuwa ta ɗiɗɗiga kowane abu na haɗin a cikin damtsenta, ta kewaye kowane ɗigo da gawayi, ta jira kwana uku. Ba abin da ya fito.

Katumi ta leƙo ta gani, ta ce, "A wannan ƙirgin kike gwaji? Ko barkono aka daka aka shafa miki ba za ki ji ba."

Sai ta koma ga gwangwanayen tumatir. Ta sauko da na wata biyu, ta jera kofunan shayi na gilashi, ta zuba tafasasshen ruwa a kowanne, ta jefa gutsuren mai. Tsohon gwajinta ne na neman yashi da dusa: man ya narke ya taso sama, datti ya kwanta a ƙasa. Duk man rawaya ne, domin a nan ba a yarda da farin mai a jiki ba. Matan ƙauye sukan haƙo saiwar rawaya su dafa ta a cikin man, mutane kuma sun ɗauka a launin nan maganin yake. A kofi bakwai man ya taso da launinsa, ruwan da ke ƙasa garau. A na takwas ruwan ya rine kamar an jiƙa sabuwar atamfa.

Ta ɗaga kofin ga rana ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Rawaya mai take bi, ba ta bin ruwa. Wannan ba saiwa ba ce."

Jan zare ne a jikin gwangwanin, ƙulli biyu. Man Damata ke nan, ta ƙauyen Sugriyili, wadda ta yi shekara ashirin tana kawo mata kaya. Na tambayi Mma Sanatu yadda abin ya wuce ta.

"Ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Ruwan zafi ne kaɗai zai tona shi. Ni kuwa na daina yi wa man Damata ruwan zafi tun kafin a haifi autana. Na ce na san ta."

Washegari ta goya ni a babur muka tafi. Mun tarar da Damata tana bugun mai a inuwa, hannu cikin baho har gwiwa. Tafin hannunta rawaya ne shar, har ƙarƙashin farce. Mma Sanatu ta gaishe ta, ta tambayi maigida da yara da awaki, ta sha ruwa. Sannan ta ajiye kwalbar ruwan da ya rine a tsakaninsu.

Damata ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin leda na garin rini, irin na masu tufafi.

"Yaya, dajin da muke haƙar saiwa ina yake? Ki duba. Tarakta ta bi ta kai, waken suya ne har gaɓar rafi. Na yi tafiyar wuni ban cika ƙoƙo ba. Sau biyu na kai farin mai kasuwa, ko tayi ba a yi ba. Mai rinin ya rantse mini har a alawar yara ana sa shi."

"Da kin faɗa mini."

"Da na faɗa miki da me? Bara da 'yar'uwata ta kawo miki fari, ba cewa kika yi ta kai wa masu tuyar ƙosai ba?"

Mma Sanatu ta san gaskiya ce. Ta faɗi haka, kuma ta tuna. A hanyar dawowa, da muka hango gari, ta ce, "Ni na ce sai rawaya. Ban tambayi inda za ta samo ba."

Ban kai garin rinin nan ɗakin gwaji ba, don haka ba zan ce na san abin da ke cikinsa ba. Abin da na sani shi ne yaran uku sun warke da aka daina shafa musu man.

Da saura ƙauyuka uku da saiwarsu ba ta ƙare ba tukuna, kuma da Mma Sanatu ta so da ta yar da Damata ta ci gaba da su. Ta ce abin da ya ci dajin Sugriyili yana hanya, kuma mai rini ya san hanyar kowane ƙauye. Ta aika wa matan huɗu cewa daga yau fari take so, wadda ta kawo mai launi ta koma da abinta.

Kasuwa uku tana zaune da farin mai ba wanda ya taya. Mata sukan buɗe gwangwani su ce, "Mma, yau kuma miya za mu yi da shi?" Magajiyar kasuwa ta kira ta ta ce ta faɗi sunan wadda ta yi algus, a wanke ta a huta. Mma Sanatu ta ce, "Hannun da ya cika gwangwani shi ya sayar. Ga shi nan." Ta nuna nata. Sunan Damata bai fita daga bakinta ba, kuma sai da Damata da kanta ta ce in rubuta na rubuta shi a nan.

A kasuwa ta huɗu Katumi ta zo ta ɗauki gwangwani ɗaya, ta shinshina, ta mayar.

"Ba zan sa wannan a jikin ɗan kowa ba. Amma na ga cikin Azara ya sauko. Jikanki zai fara. In ya kwana bakwai lafiya, mu yi magana."

"In ya yi ƙuraje fa?"

"Sai ki koma sayar da gyaɗa. Dama fuskarki ta fi dacewa da ita."

Mma Sanatu ta koma gida. Ta je ta tambayi Azara, domin ta ce ɗan ba nata ba ne ita kaɗai. Azara ta ce a kawo ta shafa a cikinta tukuna. Ta shafa har ranar da ta haihu. Namiji. Safe da yamma Katumi tana wankan sa, tana murje shi da farin mai daga wuya har tafin ƙafa, kakarsa na tsaye a bakin ƙofa.

Ranar suna gidan ya cika fiye da yadda dangi za su cika shi. Jaririn ya bi hannu ya fi talatin. Ba fuskarsa ake kallo ba. Kowace sai ta ɗaga haɓarsa ta leƙa wuya, ta buɗa hammata, ta miƙa wa ta gaba. Da ya dawo hannun Katumi ta juya shi ta sake juyawa, ta ce da ƙarfi yadda na zaure ma za su ji:

"Muni dai ya kwaso na kakarsa, Allah ya ba shi haƙuri. Amma fata ba abin da ya same ta. Sanatu, ki aiko mini da gwangwani biyar."

Mma Sanatu ta ce, "Ki zo ki ɗauka, ƙafarki ba ta karye ba." Sannan ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Yau rabin man jarirai da ke kasuwar Kumbungu fari ne. Har gobe man Damata na shigowa gidan, kuma kowace ƙwarya sai ta sha ruwan zafi a gaban Damata, ita ce ma ke hura wutar.

Mma, ba yabon iya haɗi na zo yi miki ba. Masu iya haɗi suna da yawa, na yi aiki da waɗanda suka fi ki kayan aiki nesa ba kusa ba. Ke ce kika bi gida gida kina faɗin aibin kayanki tun ba a tambaye ki ba. Ke ce kika gano laifin wata, kika duba kika ga rabonki a ciki, kika ɗauka. Ke ce kika zauna kasuwa uku ana yi miki dariya, ba ki mayar da launi ba. Sanatu 'yar Wumbei, mai wuƙar asuba. Wannan kirarin ya isa, na san ba kya son surutu.

Mun gode. Iyayen yaran da ba su san sunanki ba ma sun gode. Allah ya sauƙaƙa kafaɗa, ya ba Azara haƙurin da ya ba ki.

Masu dama mai a baho a bayan ɗaki kuwa, da masu cika kwalba su manna takarda mai hoto, yanzu kun yi yawa, kuma ba laifi ba ne. Ku je Kumbungu ku gaishe ta tun tana iya ba ku amsa. Kafin ku rufe murfi, kowa ya tambayi kansa ko zai tsaya a bakin ƙofa kwana bakwai, yana kallo ana shafa wa jikansa abin da ya haɗa.