Igiya Ɗaya da Ta Rage

Da sunan Allah zan faɗi abin da ya same ni a wani watan azumi, a shekarun da soja suka koma bariki, Abuja ta cika da sababbin gine-gine. Ina aikin sito a wani kamfanin tayil a Idu, matata tana wata ma'aikatar tarayya, gidanmu a Karu. Mota ɗaya gare mu. Ni nake ajiye matata a wurin aiki da safe, in ɗauko ta da yamma.

A lokacin aurenmu saura igiya ɗaya. Sau biyu na sake ta cikin fushi, sau biyu na mayar da ita kafin ta gama idda. Wanda ya yi karatun zaure ya san abin da na uku yake nufi: babu kome sai ta auri wani. Ni kuwa na yi karatun, har gobe hannuna ya fi sakewa a ajami fiye da boko. Na san hukuncin sarai. Bakina ne ba ya jiran sanina.

Tun ina yaro haka nake. Hankalina ba ya zama wuri ɗaya, in kuwa ya zauna kan abu, to sai in manta da duniya. Na sha rubutu, na yi ta neman tsari daga waswasi. Bayan saki na biyu ne yayan matata ya kai ni wurin wata likita, Kirista ce daga tsakiyar ƙasar nan, mai Hausar Abuja. Ta daɗe tana yi mini tambayoyi har kan ƙuruciyata, sannan ta ce abin yana da suna, ADHD, kuma manya ma suna da shi.

"Oga, ba mugun hali ne ba," in ji ta. "Birki ne ba ya kamawa da wuri."

Ta rubuta mini ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ta kuma koya mini in lura da jikina: in na ji kunnuwana sun ɗauki zafi, haƙorana sun cije, in tashi daga wurin, ko a gaban wa nake. Maganin bai mayar da ni wani mutum ba. Ɗan jinkiri ya ba ni tsakanin fushi da magana, kamar na numfashi ɗaya. Da wannan jinkirin muka zauna lafiya har azumi ya gabato.

Da na koma wurin likitar na tambaye ta, ta ce in sha maganin da sahur, amma in sani ƙarfinsa zai ƙare wajen la'asar, kuma lokacin da yake sakin mutum zuciya takan yi kusa. In na sha bayan buɗa-baki, ba barci. Malamina ya ce marar lafiya yana da sassauci, in duba in gani. Na ji tsoron ajiye azumi a kan ciwon da ido ba ya gani, na kuma ji tsoron bakina. Na zaɓi azumin. Kullum in na idar da la'asar sai gabana ya fara faɗuwa, domin a daidai lokacin ne nake zama da matata a mota, mu biyu, cikin cunkoson hanyar Karu.

Wata rana a tsakiyar watan aka sauke sabon kaya. Na shiga jera kwalaye bisa launi da girma, aikin da ba wanda ya sa ni, wayata kuma tana cikin aljihun rigar da na rataye. Ban farga ba sai da na ga rana ta yi sanyi. Na sami matata a bakin ƙofar ma'aikatarsu, kowa ya watse, tana tsaye da jaka a hannu. Na ba ta haƙuri, ta shiga mota.

Mun shiga gangaren nan da motoci suke tsayawa cik kafin gada, masu tallar dabino da ruwan leda suna bin tagogi. Nan ta fara magana, a hankali. Ta ce yara suna gida ba wanda ya ɗora musu tukunya. Ta ce mai gadi har kujera ya ba ta don tausayi. Gaskiya take faɗi, kuma ita ma azumi take yi. Ni dai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

"Malam, in ka gaji da ni ne, ka faɗa."

Ba ta nufi abin ba, na sani. Amma kalmar ta taso mini har kan harshe, a shirye, kamar ba ni na kira ta ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na ja birkin hannu, na buɗe ƙofa, na fita a tsakiyar titi. Ana ta yi mini oda, wani direban bas yana zagina. Na tsallaka gefe, na zauna kan wata tsohuwar taya a wurin mai faci, na cire hulata na cusa a baki na cije. A zuci nake neman tsari, domin ban yarda in buɗe bakin ba ko don ambaton Allah.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Da na ɗaga kai sai na ga ta koma wurin direba, ta kawo motar gefen hanya, tana kallona. Na taso na shiga ɗaya gefen.

"Ka faɗi wani abu a can?"

"Ban faɗa ba."

Ta kifa goshinta kan sitiyari, ta jima a haka. A hanya aka kira magariba, muka sha ruwan leda.

Washegari ita ta kawo shawara, na karɓa. Har watan ya ƙare ita ke tuƙi da yamma, kuma daga la'asar zuwa shan ruwa ba na ce mata komai, ita ma ba ta tambayata komai. In da magana, a bari sai an ci abinci. Yara suka tambayi dalilin shiruna, ta ce musu babansu lazimi yake yi. Don kada in mayar da ita maƙaryaciya, sai na fara yin lazimin.