Yaɓen Bangon Waje

A unguwar da muka zauna a Tamanrasset, in ka ga gida ya yi muni daga waje, to na mutumin Nijar ne. Da gangan muke barin su haka. Bangon waje tubalin laka tsirara, ba yaɓe ba fenti, ƙofa kuwa ta tol, wato kwanon rufi, mai tsatsa wadda sai ka sa mata kafaɗa kafin ta buɗu. Amma ka yi sallama ka shiga, sai ka tarar da daɓe sumul, ɗaki ya sha farar ƙasa, ga kwanoni a jere suna ƙyalli. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙo ba ya mallakar fili a ƙasar. Wanda Allah ya hore wa abin gini sai ya nemi ɗan ƙasa ya ara masa suna, a rubuta filin da sunan a baladiyya, wato ofishin magajin gari. Kai ka gina, kai ke kwana ciki, amma sunan wani ke kan takarda. Saboda haka ba wanda ke so mai sunan ya biyo ta ƙofar ya ji gidan ya ba shi sha'awa.

Maigidana magini ne, ɗan magini, daga Damagaram. Ya riga ni zuwa, sai da ya ɗan tsaya da ƙafarsa sannan ya aiko aka kawo ni a bayan kamyo, babbar motar kaya, tare da buhunan gero. Wanda ya ara mana suna wani dattijon Buzu ne na Tazrouk, can cikin duwatsu, mai lambu da garken awaki. Kowa Elhaji yake ce masa. A ƙuruciyarsa ya yi fatauci har Agadas, don haka Hausa a bakinsa ba ta da wani gyara. Maigidana ya taɓa gina masa katangar lambu da bakin rijiya, daga nan suka ƙulla. Elhajin ne ma ya fara kawo maganar.

"Magini, har yaushe za ka yi ta gina wa mutane, kai kana haya? Nemi fili. Sunana naka ne."

Ni tun ranar da na fara ganinsa ban yarda da shi ba, kuma in ka tambaye ni dalili ba ni da shi. Mutum ne mai kirki ƙwarai. Ba ya saukowa gari hannu wofi: yau ɓaure, gobe inabi, wata rana cukwi. Kirkin ne ya yi mini yawa. Ga rawani ya rufe baki da hanci, ido kawai kake gani, ni kuwa na saba da karanta mutum a bakinsa. In ya tafi sai in ce wa maigida, "Malam, mutumin nan me yake nema a wurinmu?" Shi kuma ya ce, "Ke dai ko ruwa aka ba ki sai kin leƙa ƙasan kwanon." Gaskiyarsa, ina leƙawa. Inabin dai ina ci.

Filin da muka samu a ƙarshen gari yake, kusa da busasshiyar ƙorama, wurin da ko akuya ba ta tsayawa. A ranakun Juma'a, da babu aiki a shantiye, wurin ginin da yake ƙwadago, maigida ke buga tubali, ni ina jidar ruwa a jarka har wuyana ya ƙage. Ɗaki ɗaya muka fara rufewa muka tare. Daga baya aka ƙara na biyu, aka yi zaure, aka kewaye. Daɓen tsakar gida ni da matan unguwa muka yi shi, muna bugu muna waƙa kamar a gida. Duk shekara kafin zafi ya tsananta maigida zai hau soro ya toshe tsaga, ya gyara indararo, ni in shafe ɗakuna. Ba abin da ke cikin gidan nan da ban san ranar da ya shigo ba. Ina son gidan. Ban taɓa son wani abu da ba ya numfashi kamar yadda na so shi ba.

Sai gari ya fara matsowa wajenmu. A shekarun nan arewacin ƙasar ba lafiya, mutane suka yi ta gangarowa kudu neman kwanciyar hankali: ma'aikata, ƴan kasuwa, masu iyali. Kowa na neman wurin zama. Aka kawo mana kuran, wato wutar lantarki, aka shimfiɗa kwalta har bakin layinmu, aka gina lekkol, makarantar boko, a inda muke zubar da toka. Filin da aka raina ya zama abin rububi. Dillalai suka fara yawo cikin unguwa da hannu a baya, suna tafiya a hankali kamar masu neman abin da ya faɗi. Wani maƙwabcinmu ɗan Maradi, mai sayar da atamfa a kasuwar Assihar, ya dawo daga kasuwa wata rana ya tarar da baƙi suna auna zaurensa. Mai sunansa ya sayar da gidan da shi a ciki. Ina zai kai ƙara? In ya je wurin jandarma, takardar zamansa za a fara tambaya, ƙarshenta a loda shi a mota zuwa iyaka. Ya kwashe kayansa ya koma haya. Tun daga ranar, ko ɗigon farar ƙasa ya zubo a bangon waje sai na kankare shi.

Ana cikin haka yayan maigida ya biyo ta wurinmu a hanyarsa ta zuwa Libiya. Shi ma magini ne, kuma bakinsa ba linzami. Ya tsaya a ƙofar gida da jakarsa a kafaɗa, ya dubi bango sama da ƙasa.

"Nan ne? Wallahi na wuce shi, na ɗauka garken awaki ne. Kai da ubanmu ya koya wa zane a Birnin Damagaram? In na koma gida me zan ce musu?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Maigida bai yi ba. Baƙo ya kwana biyu ya wuce, ya bar mana maganarsa. Bayan ɗan lokaci na ga wani direba ya sauke buhu a zaure. Na kwance, sai ga makuba, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwansa don ta yi ƙarfi ta yi duhu. Babu ita a Tamanrasset, daga Damagaram aka aiko masa. Da maigida ya dawo na tare shi.

"Malam, wane bango za ka yaɓe da wannan?"

"Na waje."

"Ka manta da mai atamfa?"

"Elhaji ba irinsu ba ne."

"Shi ma mai atamfa haka yake cewa."

"Na gaji," in ji shi. "Kullum ina ƙawata gidan wani, in dawo in shiga kango. Gidana ne ko ba gidana ba ne?"

Na yi fushi, na ƙi jido masa ruwa, ya jido abinsa. Ya yi yaɓen da jar ƙasar ƙorama, tun tana ɗanya ya hau zane da yatsa da bakin cokali: dagi a saman ƙofa, takobi a gefe da gefe, zankwaye a kan katanga. Ina leƙe ta tsagar ƙofa ina ƙunƙuni. Amma ranar da ya gama, da na fita na tsaya a tsallaken titi, sai da hawaye suka zubo mini. Ka ce an ɗauko gida daga Birnin Damagaram an ajiye a tsakiyar duwatsun nan. Na ce masa ya yi kyau. Na kuma ce masa ya jawo mana.

Ba a daɗe ba gidan ya zama abin kwatance. Mai tasi ma in za ka layinmu sai ya ce, "Wajen gida mai zane?" Nasara masu yawon buɗe ido, da suka fara dawowa garin, sukan tsayar da mota su ɗauki hoto. Ƴan uwanmu na unguwa kuwa suka riƙa yi mana kallon wanda ya fita kasuwa da kuɗi a tafin hannu.

Da Elhaji ya sauko daga Tazrouk ya gani, ya daɗe tsaye. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce masha Allah. Sannan ya zaga ta baya, abin da bai taɓa yi ba, ya dawo ta ɗaya gefen yana duban indararo. Maigida yana ta washe baki, ni ina kallon ƙafafun tsohon. Zuwansa na gaba da babban ɗansa ya zo, wanda ke aiki a wani buro, wato ofis, cikin gari. Shi ba ya jin Hausa, ko kuwa ba ya so ya ji. Ya ƙi shiga zaure, ya tsaya a titi yana magana da ubansa da Tamashek, yana nuna kwalta, yana nuna lekkol. Daga baya na sake ganinsa, ba uban, tare da wani farin Balarabe mai kwat, sun tsayar da mota a tsallake ba su fito ba.

Na matsa wa maigida ya tambayi Elhaji. Ya ce tambayar ma zagi ce, mutumin da ya ba ka sunansa ba ka tsare shi da tambaya. To ni mace ce, ana yi mini uzuri. Ranar da tsohon ya zo, na kai musu shayi zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ƙi tashi.

"Baba Elhaji, ana ta sayar da gidaje a layin nan."

"Ana ta saye, ɗiyata. Gari ya cika."

"Mu dai muna nan."

"Kuna nan, in Allah ya so."

Ya ɗaga rawani kaɗan ya kurɓi shayinsa. Na yi kwanaki ina juya maganar nan, na dafa ta, na soya ta, ban samu komai ciki ba. Maigida ya ce ai ga shi ya faɗa mini muna nan. Na ce shi ma mai atamfa yana nan, a gidan haya.

Ruwa ba ya yawan sauka a Tamanrasset, amma in ya tashi zuwa ba ya sallama. A ƙarshen zafin shekarar aka yi wani mai ƙarfi da rana tsaka, ƙorama ta cika ta kawo har bakin kwalta. Gida bai yi komai ba, sai dai ruwan ya zaftare yaɓen gefen ƙofa, ya ci rabin takobi ɗaya. Maigida ya jiƙa ragowar makuba, ya ce ranar Juma'a zai gyara.

Da safiyar Juma'ar, ya fara kwaɓi ke nan, sai ga motar ɗan Elhaji da uban a gaba, bayanta cike da jar ƙasa. Wa ya gaya musu yau za a yi aikin, har yau ban sani ba. Suka sauke ƙasar a ƙofar gida. Elhaji ya ce tunda an fara, a haɗa da bangon gefe da na baya, kada a bar gida fuska ɗaya. Maigida ya yi godiya. Tsohon bai shiga zaure ba. Ya fito da tabarmarsa daga mota, ya shimfiɗa a inuwar tsallake, ya zauna yana kallon aiki, wani lokaci ya ce, "Can sama ya ɗan karkace." Da rana ta take, ɗan ya tafi ya dawo da burodi da kwanon wake daga gidan abinci, irin wanda ake kai wa ma'aikata a shantiye, ya ajiye a gindin tsani. Ni kuwa tukunyata na kan wuta a cikin gida, na yi tuwo har da na baƙi.

Bayan la'asar mutanen layi sun fito suna kallo, aiki ya kusa ƙarewa. Elhaji ya naɗe tabarma ya tsallako. Maigida ya sauko daga tsani, hannuwansa biyu laka har gwiwar hannu. Tsohon ya ciro kuɗi a ninke ya tura masa cikin aljihun riga, ya dafa wurin.

"Ladan aikinka, magini. Ba ma cin gumin kowa."

Maigida ya ɗaga hannuwan kamar zai cire kuɗin, ya dube su, ya sauke. Suka shiga mota suka tafi.

Ya shigo tsakar gida ya tsaya a gabana, ya ce in ciro abin da ke aljihunsa. Na ciro. Cikin haushi na ce ya bi su yanzu ya mayar, ba a biyan mutum ladan yaɓe gidan kansa. Na ce ko kuwa tsohon alheri ya nufa, bai san yadda za mu ɗauka ba. Ni da kaina na faɗi haka, ni da ban taɓa yi masa kyakkyawan zato ba.

"Ya sani," in ji maigida. "A gaban ɗansa ya biya ni, a gaban mutanen layi, don kowa ya shaida gidan nasa ne, ni magini ne kawai. Ɗaure shi wuri ɗaya, kada ki taɓa. Kuɗin motarmu ne na komawa Damagaram."

Sannan ya koma waje, don akwai sauran kwaɓi a ƙasa kuma ba ya so ya bushe.