Inna Hure Ba Ta Kitso a Kan Ƙwai

A ƙauyenmu na gefen Bagwai, babu macen da ba ta taɓa ɗora kai a cinyar Inna Hure makitsiya ba. Dokarta ɗaya ce: ba ta kitso a kan ƙwan kwarkwata, ko gobe Sallah.

Ran nan maƙwabciyarta Ramlat ta kawo 'yarta Tahira, kan yarinyar yana ta warin maganin ƙwari na fiya-fiya, ragowar wanda aka zuba wa wake, wai don ya kashe kwarkwata.

"Ke Ramlat, kan 'yar taki buhun wake ne?" in ji Inna Hure. "Maza ɗauko sabulu! Ki kuma shanya matashinta da ɗankwalayenta a rana."

Inna Hure ta wanke kan tas, ta shafe shi da man darbejiya. Idonta ya yi rauni, amma yatsunta suna gani. Tana bin gashin sili-sili, tana zare ƙwan, tana fasa shi tsakanin faratanta, ƙas, ƙas.

Kafin la'asar Tahira ta yi barci a cinyarta, hannuwa a sake, babu susa. Ramlat ta miƙa hannu za ta tashe ta.

"Taɓa ta ki gani," in ji Inna Hure. "Kitso ya jira."