Gyaran Muryar Baba Nomau

Ranar wata Laraba ce, a bazarar 1974, babana ya ɗaura tabarmi da tukwane a bayan jakin da ya rage mana, ya aza ƙanwata a kai, Inna ta goya jaririnta, suka kama hanyar Sabon Birni. Ni aka bari tsaye a ƙofar gida riƙe da kan sandar kakana, Malam Abdu, shi kuma yana riƙe da gindinta. Shekaruna ba su wuce goma ba. Inna ba ta waiwayo ba, sai da na girma na gane tsoron waiwayowar take yi. Baba ya dafa kaina ya ce duk ranar da Malam ya yarda ya taso, in jawo shi mu iske su, in na yi tambaya a bakin kasuwa za a nuna mini inda suka sauka. Na bi su da ido har suka ɓace bayan tudu, sannan Malam ya girgiza sandar ya ce in duba inuwa, ko azahar ta yi.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, tsakanin Burkusuma da iyakar Nijar, kuma Malam ne limaminsa tun kafin a haifi babana. Idanunsa sun daɗe da rufewa, taurin kansa kuwa yana nan garau. Damina biyu gero yana tsayawa iya gwiwa ya ƙone, rumbuna suka zama gidan ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka yi ƙaura. Gida bayan gida aka riƙa jingina ƙaya a ƙofa ana tafiya. An roƙi Malam, an haɗa shi da Allah da Annabi, amsarsa ɗaya ce: "Muddin akwai baligi guda bayana, ban barin masallacin ga." Ni ba na cikin lissafi, don yaro ba ya ƙulla jam'i. Na isa in ja guga, na isa in yi daka, na isa in ja makaho, amma a sahu ban cika mutum ba. Baligin da ya rage shi ne Baba Nomau, saboda haka shi ne igiyar da ta ɗaure ni a garin.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai a watannin nan. Ba zakara, ba kukan akuya, ba ƙarar turmi sai nawa. Da safe in tafi rijiya in zura guga har igiya ta ƙare, in jira ruwa ya ɗan taru, in fito da abin da rabinsa laka ne. Daga nan in shiga daji tsinkar anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya bar mutum ya haɗiye. Wani lokaci in sussuke ƙarangiya, ƙayarta ta cika mini hannu, don 'yan ƙwayoyin da ba su fi a yi kunu ba. Dandalin da muke langa da abokaina yana nan, amma langa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Na gwada, na kama ƙafa na yi ta tsalle, babu mai ture ni, kunya ta kama ni na daina. Sai na koma tona ramukan dara a gindin aduwa, in yi wasana in zagaya in yi na abokin karawa, in ci kaina da kaina. Kewar Inna ta fi damuna da yamma, lokacin da ya kamata a ce hayaƙi yana tashi daga madafi.

Baba Nomau dogo ne, manomin da a da ake kwatance da damman geronsa. Matarsa da 'ya'yansa mata sun rasu a daminar da ta wuce, ƙyanda ta same su cikin yunwa, aka rufe su kusa da juna a bayan gonarsa. Tun daga nan ya rage magana. Amma da zarar Malam ya hau ɗan tudun ƙofar masallaci ya kira salla da kansa, tunda ladan ma ya tafi, sai ka hango Baba Nomau tafe yana jan takalma. In ya shigo sahu yakan yi gyaran murya sau ɗaya, don Malam ya san akwai mutum a bayansa, sannan a tayar da kabbara. Bayan magariba mu zauna mu uku a kan ƙwarya ɗaya. Na tsani gyaran muryar nan, don duk lokacin da na ji ta na san yau ma ba tafiya.

Wata rana muna tonon gidan tururuwa ni da shi, muna ƙwace 'yan ƙwayoyin ciyawar da suka tara, na tambaye shi yaushe Allah zai amsa roƙon ruwan da aka yi. Bai ɗago ba. Ya ce, "Isiya, mun yi sallama mun gaji. Ni dai ina zaton gidan ba kowa ciki." Na ɗaga kai na dubi sama ina jiran aradu, sararin fes, ko gajimare babu. Ban taɓa jin wani mahaluki ya faɗi haka ba. Amma yaro mai kewar uwarsa ɗan dabara ne, kafin mu isa gida tsoron ya koma murna. Na sha gabansa na ce in dai babu mai ji, mene ne amfanin zuwa masallacin da yake yi? In ya zauna gida kwana biyu kawai, Malam zai haƙura, mu tafi wurin Inna. Har da kuka na roƙe shi. Ya dube ni ya ce, "Na sama ban sani ba. Amma tsohon ga na jin tarina. In ya tsaya ya ji ba kowa bayanai, ran nan za ya mutu tsaye." Da la'asar sai ga shi yana jan takalma kamar kullum.

Haka muka ci gaba har zafi ya kai inda ya kai. Ranar da abin ya faru, Malam ya kira azahar, na kai shi gaba na daidaita masa fuska gabas, na koma baya na tsaya. Muka jira, ba gyaran murya. Malam ya karkata kunne kamar mai sauraron hadari daga nesa, bai tayar da sallar ba. Ya miƙo mini sanda ya ce in kai shi gidan Nomau. Mun iske shi kwance a zaure, jikinsa zafi rau, bai san wanda ke kansa ba. Malam ya zauna ya ɗora kan Baba Nomau a cinyarsa, ni ina ɗiga masa ruwa da ludayi, a nan ya yi sallolinsa a zaune. Washegari da hantsi Baba Nomau ya cika.

Wasu Buzaye da suka gangaro daga arewa da ragowar raƙumansu ne suka taya mu haƙa kabari, kusa da iyalinsa. Kafin a sallace shi abin ya dame ni, don na ji a makarantar allo cewa ba kowace gawa ake yi wa salla ba. Na ja hannun Malam gefe, na raɗa masa abin da Baba Nomau ya faɗa a gidan tururuwa. Ko gezau bai yi ba. "Ni ya hwara gaya ma wa, tun ran da anka ruhe ɗiyanai," in ji shi. "Wanda mutuwa ta yi ma wannan aika-aika, ba ni ka yanke mai hukunci ba. Jera mutane." Muka jeru, ya yi masa salla.

Da gari ya waye shi da kansa ya ce in naɗe tabarma. A hanya na kasa haƙuri, na ce ashe ya san ba da zuciya ɗaya ake bin sa salla ba, amma ya tsare mu a nan. Ya ce, "Kana zaton ginin laka ya tsaishe ni? Nomau cewa ya yi bai barin kushewun ɗiyanai. In na tahi, wa za ya kira shi sau biyar ya tashi ya taka cikin mutane? Wa za ya sa shi cin anza?" Mun isa Sabon Birni muka iske iyayena a wata rumfa bayan kasuwa. Inna ta rungume ni tana kuka, bayanta babu goyo. Na makara da ganin ƙanena da rai, kuma na daɗe ban yafe wa tsofaffin nan biyu ba.

Yau ina zaune a Sakkwato, na tsufa, masallacin unguwarmu kan cika har waje, kuma ban san sunan wanda kafaɗarsa ke gogar tawa ba. Ƙauyenmu ya sake zama kufai, wannan karon 'yan bindiga ne suka kore shi, ko ziyarar kaburbura ba ta yiwuwa. Ni ina salla, kuma zuciyata ta natsu cewa akwai mai ji. Amma idan wani matashi ya yi ƙarfin hali ya tambaye ni amfanin salla ga wanda yake ganin babu kowa, ba na yi masa tsawa. Nakan tuna mutum biyu a garin da kowa ya gudu, kowanne yana fitowa sau biyar don kada ɗayan ya rasu shi kaɗai. Har yau ban san wanda ya riƙe wani a cikinsu ba.