Masinjan Taurari da Kakarmu Iya

Ina aji huɗu na firamare Baffa Lawan, ƙanin babanmu, ya shigo gidanmu na Mandawari da kwamfuta a cikin baro. Ta ofishinsu ce. Ana gyaran rufi, aka ce ya ajiye ta wata biyu kada ruwan damina ya lalata ta. Aka kafa ta a ɗakinsa, aka lulluɓe da zanen gado, aka ja mana kunne ni da yayata Hauwa kada mu kuskura mu taɓa. Ba a yi kwana uku ba shi da kansa ya kira mu ya nuna mana wasan da ke ciki.

Wasan labarin wani masinja ne, siriri mai ƙatuwar hula, da aka ba wasiƙa ya kai wata duniya can bayan taurari. Ba jarumi ba ne ko kaɗan. Da Turanci ake rubuta masa umarni: buɗe ƙofa, ɗauki tsani, sha abin da ke cikin kwalba. In ka yi kuskure sai ya yi mutuwa ta ban dariya, kwamfutar kuma ta rubuto maka baƙar magana. Mun taɓa sa shi ya latsa wani jan maɓalli, jirgin da yake ciki ya tofar da shi waje, hularsa na biye da shi a hankali. Hauwa ke riƙe ƙamus, ni ina farautar haruffa da yatsa ɗaya.

Kakarmu, wadda kowa ke kira Iya, ba ta san ko harafin boko ɗaya ba. Amma takan jawo kujerarta bakin ƙofa da carbi a hannu, Hauwa na fassara mata.

"Wai bawan Allahn nan sau nawa zai mutu yau?" in ji ta. "Ku tausaya masa mana, aike aka yi masa."

Wutar unguwarmu ba ta cika wuce magariba ba. Da an ɗauke sai mu koma rumfar tsakar gida, inda Iya ke suyar gyaɗa a cikin yashi. Har yau in na ji wannan ƙamshi, ina ganin hasken murhu a kumatunta.

Muka kai masinja ƙofar birnin da wasiƙar za ta shiga, muka maƙale. Wani mai gadi na ƙarfe mai ido uku ya tsare hanya. Mun jefe shi, mun lallaɓa ta bayansa, mun ba shi duk abin da ke cikin jaka. Kullum haɗiye masinja yake yi. Sati biyu muna abu ɗaya.

"Kun gaishe shi kuwa?" Iya ta tambaya wata yamma.

"Iya, ƙarfe ne fa," na ce.

"To, maigida, ƙarfe ba ya son gaisuwa? Ka zo ƙofar mutum ba sallama, ka ɗauki dutse."

Washegari muka rubuta gaisuwa. Mai gadi ya rusuna, ya amsa da kyau, ya ce rabon da ya ci mai ladabi irin wannan har ya manta, sannan ya haɗiye masinja. Da Hauwa ta fassara, Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

A satin aka gama rufin ofis, kwamfuta ta koma a baron da ta zo. Na ƙi cin tuwo, na zauna bakin murhu ina kumbura. Iya ta ɗan dube ni, ta gyara itace.

"Ga ta nan, daga sama take," ta ce.

Hauwa ta amsa, "Ta sauko mu ji ta."

A bakin Iya masinja ya samu suna, Malam Tanko. Ya zauna kusa da mai gadi ya tambaye shi iyali, ashe gwiwarsa ce ta yi tsatsa, shi ya sa yake faɗa. Tanko ya shafa masa man gyaɗa, ƙofa ta buɗe. Ya ratsa wata kasuwa mai lunguna kamar Kurmi, inda ake sayar da taurari a mudu, aka cuce shi aka auna masa waɗanda suka mutu. Gajimare ya cinye masa takalmi ɗaya. Yamma biyar tana jan mu, har ya isa gidan wata tsohuwa da ke zaune a ƙofa. Ya karanta mata wasiƙar: "Ina nan lafiya. Na yi iyali. Hanya ce ta yi nisa."

"Shi ke nan?" na ce. "Ba zinariya, ba komai?"

"Wannan bai isa ba?" Ta juya tana fifita wuta, ta ce itacen ɗanye ne, hayaƙi ya shigar mata ido.

Sai bayan rasuwarta Baba ya gaya mini cewa Iya na da wa guda ɗaya, sunansa Tanko. Tana yarinya ya tafi Makka a ƙasa. An ce an gan shi a Sudan, daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Bara na samo wasan a intanet na ƙarasa shi. Ashe hula ake kifa wa mai gadi a ka. Wasiƙar kuma ba ta birnin ba ce ma, adireshi aka yi kuskure. Na yi dariya ni kaɗai a ofis. Na daɗe ina zaton darasin Iya gaisuwa ce. Ban lura ba cewa shekara sittin ta yi tana jiran layi uku, da ba su zo ba ta aika wa kanta.

Hauwa na aure a Fatakwal, na fi wata huɗu ban neme ta ba. Na buga mata waya. Ta ɗauka a tsorace.

"Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau, Yaya," na ce. "Abin da na kira in gaya miki ke nan."