Ranar da Na Tambayi Kaka Yawan 'Ya'yanta

Har yau in na ji ƙanshin gahawa, sai in tuna ɗan falonmu na unguwar Gubaira a Riyad, a saman wani garejin walda. Ina da shekara tara lokacin da kakata, mahaifiyar babana, ta zo Umara, ta biyo ta Riyad ta yi mana wata biyu.

A makaranta malamar Turanci ta ba mu aikin gida: kowa ya zana bishiyar danginsa. Ta ce in za ka tambayi babba, ka fara da "May I ask a question?", ba wanda zai ji haushi. Ni kuwa uwar rawar kai, na ɗauka mabuɗin kowace ƙofa aka ba ni.

Ranar Juma'a ce, zafi kamar a gasa gurasa a kan titi, matan abokan babana sun cika falon, sun zo gaishe da Kaka. Na ratsa su da takardata, na tsaya ƙerere a kanta, na rangaɗa Turancina. Ban jira ta amsa ba na ɗora da Hausa: "Kaka, 'ya'ya nawa kika haifa?"

Wayyo! Mamata ta daskare da butar gahawa a hannu. Wata baƙuwa ta ce, "Innalillahi, wannan 'ya!" Ni ban san ba a ƙirga wa uwa 'ya'ya ba, balle a gaban mutane. A Riyad aka haife ni, wa ya gaya mini?

Kaka ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Can ta ce, "Tara, 'yar nan. Babanki ne kaɗai ya tsaya."

Takwas! Babana bai taɓa ambaton ko ɗaya ba. Tsohuwar da ke ce mini kishiya kullum muna dariya ta ja mayafi ta rufe fuska, ranar ko abinci ba ta ci ba.

Sai da na girma na gane kalmar nan ta Turanci da malama ta koya mana ita ma tambaya ce, ana jiran amsarta, kuma mutum yana da ikon cewa a'a. Yaran yanzu komai tambaya suke yi, kuma ina amsa musu. Amma har Kaka ta rasu, Baba ya rasu, ban sake iya buɗe baki na tambaye su ba. Mutum takwas, ko sunan ɗaya ban sani ba.