Hayatu da Bakin da Ya Ƙi Buɗewa

Hayatu makiyayi ne a gefen Nasarawa Burkullu, mutum mai kamun kai. Ko gaban 'ya'yansa ba ya cin abinci, balle gaban Barau, mijin 'yarsa Dija, wanda ke aiki a ɗakin shan magani na garin. In suka haɗu a hanya, gaisuwa daga nesa ce, kowa kansa a ƙasa.

Damanar 1983 wani haƙori na can ciki ya matsa masa. Ya je kasuwa wanzami ya cire. Kwana uku sai ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura, ya yi tauri kamar dutse. Ya ja rawani ya rufe, bai gaya wa kowa ba.

Matarsa Kulu ce ta lura. Ta dama fura, ta dawo ta tarar ko kurɓa bai yi ba, yawu ya jiƙa rawanin. Ta aika aka kira Barau.

Hayatu na ganinsa ya juya fuska ga zana.

Barau ya cire takalmi, ya durƙusa. "Baffa, a yi haƙuri, a buɗe baki in gani."

Hayatu ya ce ba komai, murya a shaƙe.

"Baffa, kumburin ga in ya kai maƙogwaro, iska ba ta wucewa. Muryarka ta riga ta canza. Ban iya barin ka haka."

Hayatu ya rufe ido, ya sassauta rawanin. Bakin bai buɗe ya kai yatsa biyu ba, harshen ya taso sama, ga wari. Barau ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai asibiti, kuma yanzu.

Suka tare motar gero mai zuwa Gummi. Barau ya hana a kwantar da shi. Ya zaunar da shi jingine a ƙirjinsa, yana share masa yawu da hannun riga har suka isa. A can aka tsaga ƙarƙashin haɓar, mugunya ta fita, aka bi shi da allurai. Kwana tara Barau na ba shi koko da cokali.

Hayatu ya warke, amma bai taɓa ta da zancen ba. Ya daina bin hanyar ɗakin shan magani, ko da zagayen ya fi nisa. Bayan girbi ya kira Dija, ya nuna mata wata karsana ja.

"Ki kora ta gidanku," ya ce. "Kar ki ce daga wurina take."